Daga Tiga Zuwa IReV: Gina Manhajar Intanet Mai Jure Yawan Jama'a



Watakila wani daga cikinku ya dubi kan wannan lacca ya ce, to, ina ruwan malamin Hausa da zancen kwamfuta? Amsar ita ce, a yau ba ɗalibin da zai shiga jami'a, ba ma'aikacin da zai karɓi albashi, ba maniyyacin da zai nemi fasfo, sai ya bi ta wani shafi na intanet. Idan shafin nan ya ƙi buɗewa, abin da akan gaya masa bai wuce kalma biyu ba, watau "ba netwok". Muddin kuwa iyakar abin da harshenmu zai iya faɗa game da al'amarin ke nan, to, ba mu da ikon tuhumar kowa, domin ba a tuhumar mutum a kan abin da ba a iya siffantawa. Saboda haka maƙasudina shi ne in warware, da Hausar da kowa zai ji, abin da ke sa wata manhaja ta ɗauki mutum miliyan ba ta numfasa ba, wata kuwa ta durƙushe da mutum dubu. Misalaina kuma daga kudancin Jihar Kano zan ɗebo su, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Ran Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023, aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan Majalisar Tarayya. Hukumar Zaɓe, INEC, ta riga ta alkawarta cewa da an gama ƙidaya a kowace rumfa, malamin zaɓe zai ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS, ya aika da shi wani shafi mai suna IReV, inda kowa zai iya gani da idonsa. Ba ran nan aka fara amfani da shafin ba. Tun watan Agusta na 2020 aka soma gwada shi, a wani zaɓen cike gurbi a Jihar Nasarawa, kana ya yi aiki a zaɓen gwamnan Anambra a 2021, da na Ekiti da na Osun a 2022, har ya sha yabo.

Amma ku dubi lissafi. Jihar Osun rumfuna 3,763 gare ta, kowace rumfa kuma takarda ɗaya za ta aika. Jihar Kano kuwa rumfunanta 11,222, kuma a ranar babban zaɓe takarda uku kowace za ta aika: ta shugaban ƙasa, da ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Kano kaɗai ke nan ta ninka Osun wajen sau tara. A ƙasa baki ɗaya rumfuna 176,846 ne, watau takardu sama da rabin miliyan, ninkin na Osun fiye da sau 140, kuma galibinsu a cikin 'yan sa'o'i na yammacin rana guda za su iso.

Abin da ya auku kun san shi. Malamin zaɓe a rumfar wani ƙauye na Ƙiru ya ɗauki hoton sakamakon mazaɓar Ƙiru da Bebeji, ya aika, ya tafi. Ya ɗauki na sanatan Kano ta Kudu, ya aika, ya tafi. Ya ɗauki na shugaban ƙasa, ya aika, ya ƙi. Haka a Tudun Wada da Doguwa, haka a ko'ina cikin ƙasa. Kashegari Hukumar ta fitar da sanarwa cewa matsalar ta taso ne daga faɗaɗa shafin, daga wanda ya saba da zaɓen jiha ɗaya zuwa wanda zai ɗauki na ƙasa duka. A rahoton da ta fitar a watan Fabrairu na 2024 ta ƙara bayani, kuma bayanin ya cancanci a tsaya a kansa. An tsara manhajar ne bisa cewa kowane zaɓe yana ƙarƙashin wata jiha. A zaɓuɓɓuka 470 na ran nan, 109 na sanatoci ne, 360 na wakilai, kuma kowannensu yana da jihar da za a jingina shi gare ta. Saura guda ɗaya, na shugaban ƙasa, ba shi da jiha, domin ƙasar duka ce mazaɓarsa. Da manhajar ta nemi aljihun da za ta saka takardarsa ta rasa, sai ta yi ta mayar da saƙon kuskure. Bisa ga rahoton, sai ƙarfe 8:55 na dare takarda ta farko ta shiga.

Ba aikina ba ne a nan in yanke hukunci tsakanin wanda ya gamsu da wannan bayani da wanda bai gamsu ba. Kotun Ƙoli ta yi nata a ran 26 ga Oktoba, 2023, inda ta ce IReV wurin kallon sakamako ne, ba wurin tattara shi ba. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, ko da mun ɗauki bayanin Hukumar yadda yake, asarar da aka yi ba ƙarama ba ce. An kashe kuɗi mai yawa domin a sayi abu ɗaya, watau amincewar jama'a, kuma a cikin 'yan sa'o'i abin ya zube. Haka nan kuma mu lura cewa girma iri biyu ne. Akwai girman yawa, inda abin da aka saba da shi ya ninka. Akwai kuma girman iri, inda wani sabon abu ya shigo wanda mai tsari bai taɓa kawo shi a ransa ba. Masu gina manhaja sun fi shirya wa na farkon, na biyun kuwa ya fi kayar da su.

Bari mu fara da na farkon. Duk lokacin da ka buɗe shafi a wayarka, saƙo ne ka aika wa wata kwamfuta da ke can wani wuri, wadda aikinta amsa buƙatun masu nema. Wasu masu fassara sun raɗa mata suna uwar garke, amma ni na fi son mu bar ta da sunan da ma'aikatanta ke kiranta, watau saba, jam'i sabobi. Bayan sabar kuma akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye sunaye da lambobi da makin jarrabawa da sauransu. Saba dai tamkar akawu ce a bakin taga, rumbun kuma tamkar ɗakin fayil da ke bayansa.

To, sha'anin akawu da layi yana da ilmi nasa na musamman, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Danmak mai suna Erlang ya aza harsashinsa a 1909, sa'ad da yake lissafa wa kamfanin tarho na birnin Kofanhegan layuka nawa za su ishe shi. Ga misali mafi sauƙi. A ce akawu yana sallamar mutum a minti ɗaya bisa matsakaicin lissafi, mutane kuma suna zuwa ba tsari, wani lokaci a cunkushe, wani lokaci ɗai-ɗai. Idan mutum 30 ke zuwa a sa'a, jiran kowa a layi kamar minti ɗaya ne. Idan suka kai 48, jira ya zama minti 4. Idan 54, minti 9. Idan 57, minti 19. Da sun haura 60 kuwa, layin ba zai ƙare ba sai dai a rufe taga. Ku lura, daga 48 zuwa 57 mutum tara kacal aka ƙara, amma jira ya kusa ninkawa sau biyar. Shi ya sa shafin da ke tafiya lafiya lau da safe yakan mutu murus da azahar, alhali jama'ar da suka ƙaru ba su taka kara sun karya ba. Shi ya sa kuma injiniyan kirki ba ya yarda sabarsa ta riƙa aiki dab da iyakar ƙarfinta, ko da mai binciken kuɗi zai ce ana ɓarnar abin da ba a amfani da shi.

Akwai kuma abin da ke ƙara dagula lamarin, wanda lissafin nan bai haɗa da shi ba, shi ne halin ɗan Adam. Wanda shafi ya ƙi buɗe masa ba ya haƙura, sai ya danna, ya sake dannawa. Mutum dubu goma sai su zama buƙata dubu hamsin, sabar da ta fara tangaɗi ta ƙarasa faɗuwa. A Amurka ma an ga haka. Ran 1 ga Oktoba, 2013, aka buɗe shafin inshorar lafiya na gwamnatin Obama. An yi tsammanin mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai ga wajen 250,000, kuma duk an tilasta musu bi ta ƙofa ɗaya, watau sai mutum ya yi rajista kafin ya ko kalli farashi. A ranar farko mutum shida kaɗai suka kammala.

Yanzu mu je Tiga, domin a ganina duk dabarun da ake koyarwa a wannan fanni akwai misalinsu a can, a gine da ƙasa da kankare. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a ƙasar Bebeji, tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma an tsara ta domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Matsalar da aka gina ta domin warwarewa ita ce ainihin matsalarmu. Ruwa yana saukowa daga tsaunukan Riruwai da dajin Falgore a cikin wata huɗu ko biyar, da ƙarfi, fiye da abin da kowa ke bukata, sa'an nan ya ɗauke. Manomi kuwa a Kadawa da Kura da Bunkure da rani yake bukatarsa, kaɗan-kaɗan, kullum. Madatsa ita ce ke karɓar abin da ya zo a guje ta sake shi a tafe.

Irin wannan madatsa akwai ta a cikin manhaja, ana ce mata layin jira. Maimakon saba ta ce sai ta gama dukkan aiki kafin ta amsa, sai ta karɓi takardarka, ta ba ka lambar shaida nan take, ta jera aikin, wasu na'urori a baya su riƙa ɗauka suna yi gwargwadon ƙarfinsu. Ɗalibi ya sami natsuwa cewa takardarsa ta shiga, ko da saƙon tabbatarwa zai iso bayan rabin sa'a. Ba kowane aiki ke karɓar wannan tsari ba, amma aikin karɓar fom da hotuna da takardun neman aiki, waɗanda su ne galibin abin da gwamnati ke yi a intanet, duk suna karɓa.

Sa'an nan ruwan Tiga ba ta bututu ɗaya yake isa gona ba. Yakan bi babbar hanya zuwa Ruwan Kanya, ya ci gaba har ya rabu reshen gabas da na yamma, daga nan ya shiga ƙananan hanyoyi, kowace da sashen da take shayarwa. Idan ɗaya ta toshe, sashenta ne ya sha wahala, sauran suna sha. A sha'anin manhaja hanya biyu ce ta ƙara ƙarfi. Ko dai a sayi saba ɗaya ƙatuwa, in ta cika a sayi wadda ta fi ta, ko kuwa a jera matsakaita da yawa a raba musu aiki. Hanyar farko ta fi sauƙi, kuma ga ƙaramar ma'aikata sau da yawa ita ce daidai. Sai dai tana da iyaka, kuma ran da ƙatuwar ta kwanta kowa ya kwanta. Hanya ta biyu ita manyan shafuka ke bi. Akan sa wata na'ura a bakin ƙofa mai rabon aiki, kamar ɗan kamasho a tashar Kwanar Ɗangora, wanda ke duba motar da ke da gurbi ya tura fasinja, in ya ga wata ta lalace ya daina yi mata lodi. Sharaɗin wannan tsari ɗaya ne: kada wata saba ta riƙe sirrin wani mai nema a cikinta ita kaɗai. Dole abin da ya shafe ka ya kasance a rumbun da duk za su iya dubawa, ta yadda ko wacce ta karɓe ka za ta iya ci gaba daga inda 'yar'uwarta ta tsaya.

Amma yawan sabobi yana zuwa da nasa ciwon, domin dole a tabbata duk magana ɗaya suke yi. A jarrabawar JAMB ta 2025 an yi wa manhaja gyara, gyaran ya shiga wasu sabobi bai shiga wasu ba. Sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas ya lalace, har ran 14 ga Mayu magatakardan hukumar, Farfesa Is'haƙ Oloyede, ya fito ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Na yaba da fitowar da ya yi, domin ba ɗabi'ar hukumominmu ba ce. Sai dai darasin injiniya a nan shi ne, aikin da za a maimaita a kan na'ura ɗari ba a barin sa a hannun mutum, na'ura ake sa wa ta yi, ta kuma duba ta tabbatar.

A cikin aikin noman rani na Kogin Kano akwai wasu ƙananan tafkuna da aka gina kusa da gonaki. Da dare, sa'ad da ba mai ban ruwa, sukan cika, da safe manoma su ɗiba daga kusa ba sai an jira ruwa ya taso tun daga Tiga ba. A gida ma haka muke yi, ba a zuwa rijiya duk lokacin da aka ji ƙishirwa, randa ake cikawa. Manhaja ma tana da randarta. Abin da mutum dubu ɗari za su tambaya kuma amsarsa ɗaya ce, kamar jadawalin jarrabawa ko sharuɗɗan ɗaukar aiki ko hoton takardar sakamakon wata rumfa, ba dalilin da zai sa a je rumbu sau dubu ɗari. Sau ɗaya za a ɗauko, a ajiye kwafi a kusa da masu nema. Wannan ita ce dabara mafi araha a duk dabarun, kuma ita aka fi sakaci da ita a shafukan gwamnati. Hatsarinta dai shi ne na kowace randa, ruwa ya kwana. Dole a san lokacin da za a zubar a sake.

Rumbun bayanai shi ne wuri mafi wuyar faɗaɗawa, ba zan kuma daɗe a kansa ba. Akan yi masa kwafi-kwafi domin masu karatu kawai, a bar na asali ga masu rubutu. Idan ya ƙara girma akan tsaga shi, alal misali kowace jiha da nata. To, a nan ne IReV ya yi tuntuɓe, bisa ga bayanin masu shi, domin duk tsagin da aka yi yana tsaye ne a kan wani zato, ran da zaton ya ƙaryata kuwa, ƙarin na'urori ba ya magani.

Abin da na fi so ma'aikatan gwamnati su riƙe shi ne zancen mafitar ambaliya. A watan Agusta na 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda da ke nan ƙasar Bebeji ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A 1992 aka rage tsayin mafitar ambaliya ta Tiga, watau aka yarda a riƙa ajiye ruwa ƙasa da abin da aka tsara tun farko, domin a tsare lafiyar ginin. Injiniyan madatsa ya san akwai daminar da za ta fi ƙarfinsa, saboda haka tun ranar zane yake ware hanyar da rarar ruwa za ta bi. Mai gina manhaja ma wajibi ne ya amsa wannan tambaya: ran da jama'a suka fi ƙarfinmu, me za mu saki, me za mu riƙe? Gara a gaya wa mutum dubu ashirin, da harshen da suke ji, cewa ku ne a layi, ga lambarku, ku dawo bayan sa'a ɗaya, da a bar kowa ya kutsa shafin ya mutu a kan kowa. Gara a kashe kayan ado da hotunan shugabanni a bar fom yana tafiya. Kuma dole a tsara biyan kuɗi yadda ko mutum ya danna sau biyar, sau ɗaya za a cire masa. Duk wanda ya rayu a watannin ƙarancin takardar naira, a farkon 2023, ya ga abin da ke faruwa idan jama'a suka kwararo kan manhajojin banki a lokaci guda. A watannin nan ne 'yan kasuwa da yawa suka koma wa OPay da Moniepoint da PalmPay, ba don talla ba, sai don kuɗi yana tafiya.

Har ila yau Tiga tana da wani darasi mai ɗaci. Da aka tare ruwa a sama, fadamun Haɗeja da Nguru a ƙasa sun ragu, kuma sauyin tafiyar ruwan ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyi. Haka manhaja take. Ka faɗaɗa naka shafin, sai nauyin ya gangara kan wanda ka dogara da shi. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, don haka ƙarfin rajistar bai wuce ƙarfin hanyar da ke tsakaninta da hukumar katin ɗan ƙasa da kamfanonin waya ba.

Mu komo kan girman iri, inda malamin Hausa ke da ta cewa. Manhajar da aka gwada a kan mutum dubu a Legas ko Abuja, ran da ta iso Doguwa ba yawa kaɗai za ta tarar ba. Za ta tarar da Sa'adatu da Isma'ila da Mu'azu, alhali akwatin suna ba ya karɓar alamar hamza. Za ta tarar da mutumin da ke amfani da sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, kuma garin Tudun Wada ne, kalma biyu, akwatin kuwa ɗaya yake so. Za ta tarar da Ɗanladi da Ɓaidu da Ƙasimu. Haruffan nan masu lanƙwasa sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, saboda haka manhajar da ta mayar da su alamar tambaya ba ta da uzuri. Illar kuwa ba ta ado ba ce. Idan wannan rumbu ya rubuta suna ta wata siga, wancan ya rubuta ta wata, ran da aka zo haɗa su sai kwamfuta ta ce mutum biyu ne, yaro ya rasa gurbin karatu ko tsoho ya rasa fansho, a tura shi kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi.

Za ta kuma tarar da waya mai araha, da data da ake saye da awo, da hanyar sadarwa mai zuwa tana ɗaukewa. Shafin da ke da nauyi, wanda ke buɗewa cikin ƙiftawar ido a ofishin mai kwangila, a gefen dajin Falgore ba zai buɗe ba. Maganin wannan sananne ne: a rage nauyin shafi, a matse hotuna, a kuma tsara manhaja ta iya aiki ba sadarwa, ta ajiye abin da aka shigar har ta sami hanya ta aika. Ita kanta BVAS tana tantance mai zaɓe ba tare da intanet ba, kuma wannan ɓangare nata ya fi ɓangaren aikawa tsayuwa da ƙafafunsa.

Sai zancen kuɗi. Tun 2006, da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar sabobi, ba lalle ne ma'aikata ta sayi na'urorin da za su zauna banza wata goma sha ɗaya ba. Tana iya hayar ɗari a makon rajista, ta koma biyar bayansa. Wannan alheri ne, amma da dala ake biya, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun watan Yuni na 2023. Bugu da ƙari, idan sabobin suna Turai, to, rayuwarsu tana rataye da wayoyin da ke ƙarƙashin teku. Ran 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin wayoyin nan suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga wani hali. Ajiye komai a gida kuwa yana nufin dogara da wuta da janareto. Ni dai ra'ayina, abin da ya shafi asirin 'yan ƙasa ya zauna a gida, a wuri biyu mabambanta, abin da kowa ke iya gani kuwa a baza shi duk inda ya fi araha.

Wani kaso babba na cunkoson nan ma ba injiniya ke jawo shi ba, mai sa hannu a takardar sanarwa ne. Idan aka ce duk ma'aikatan ƙananan hukumomi 44 su sabunta bayanansu kafin ƙarfe goma sha biyun daren Juma'a, to, an ƙirƙiri ambaliya da hannu. Da an ce Bebeji da Ƙiru Litinin da Talata, Tudun Wada da Doguwa Laraba da Alhamis, da na'urar da ake da ita ta wadatar. Manoman Kadawa da kwana-kwana suke karɓar ruwa, ba wanda ya ce an ci mutuncinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. INEC ta yi gwajin tantance masu zaɓe ran 4 ga Fabrairu, 2023, a rumfuna 436, gwaji mai amfani, amma 436 ba 176,846 ba ce. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan su kwaikwayi mutum dubu ɗari suna dannawa a lokaci guda, wasunsu ma kyauta ne. Saboda haka ku da kuke zama a kwamitin ba da kwangila, kafin ku sa hannu a takardar kammala aiki, ku nemi a rubuta muku mutum nawa shafin zai ɗauka a minti guda, a kuma gwada a gabanku da ninki biyu na wannan adadi. Ku sa a kashe saba ɗaya ana tsakiyar gwajin ku ga abin da zai faru. Ku sa a bi kowane irin aiki da za a yi ranar gaske, tun daga farkonsa har ƙarshensa, har da wanda sau ɗaya tak zai auku. Sa'an nan ku ba wani ma'aikaci ƙaramar waya, ku sa shi a motar Doguwa, ya sauka a Riruwai ya cika fom ɗin da sunan Sa'adatu Ɗanladi Tudun Wada, ya dawo ya gaya muku minti nawa ya ɗauka.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.